Karɓa-karɓa Ba Ta Lissafa Mu Da Muke Zaune A Garin Wasu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Ina neman ɗan fili a jaridarka in tsoma baki cikin gardamar da ta cika gidajen rediyo da majalisun bakin titi tun ba a kai ga 2027 ba, wato ko Kudu ce ya kamata ta ƙarasa shekara takwas, ko kuwa Arewa ce ke bin bashi. Masu cewa Arewa ke bin bashi daga 1999 suke fara ƙidaya: Obasanjo takwas, Jonathan biyar, ga Tinubu a kai, alhali Arewa ba ta samu ba sai ukun marigayi 'Yar'aduwa da takwas ɗin marigayi Buhari. Masu ɗaya ra'ayin sukan ce a koma 1960, a haɗa har da mulkin soja, a ga wanda ya fi daɗewa a kan kujera. Ibo kuma suna gefe suna cewa tun bayan wata shidan Janar Ironsi a 1966 ba su sake riƙe ragamar ƙasar nan ba. Duk na saurare su. Abin da ban ji kowa ya faɗa ba shi ne inda za a sa irina a cikin wannan lissafi.

Ni ɗan kasuwar goro ne, na ba sittin baya. A zangon Kumasi aka haife ni, na girma a ɗaya daga cikin unguwannin Sabo na ƙasar Yarbawa. A nan na yi aure, a nan na binne iyayena, a nan nake biyan haraji da kuɗin rumfa. Mahaifina daga wani ƙauye na ƙasar Kano ya fito yana saurayi, bai sake komawa da zama ba har Allah ya karɓi abinsa. To in an ce mulki ya koma Arewa, ba can nake kwana ba. In an ce ya zauna a Kudu, waɗanda nake kwana cikinsu ba su sa ni a nasu ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Akwai Sabon Ibadan da ya haura shekara ɗari, akwai Agege da Idi-Araba a Legas, akwai masu shanu a Lokpanta, akwai Ibo da Yarbawan Sabon Garin Kano da na Zariya waɗanda kakanninsu ma a can aka haife su. Mu miliyoyi ne, kuma tsarin rabon da ake ta jayayya a kansa an gina shi ne kamar kowa yana zaune a inda aka binne cibiyar kakansa.

Kada a ɗauka ni maƙiyin karɓa-karɓa ne. Ina da wayo sarai lokacin da aka soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, kuma a tsakiyar Yarbawa nake zaune, na san yadda muka riƙa kwana da takalmi a ƙafa. Da aka zo 1999 manyan jam'iyyu suka tsayar da Yarbawa biyu, Obasanjo da Olu Falae, wannan shi ya sanyaya zukata, mu da ke Sabo muka fi kowa samun barci. Na kuma ga abin da ya biyo baya da aka ji an karya alkawarin karɓa-karɓa: 'Yar'aduwa ya rasu a watan Mayun 2010, Jonathan ya tsaya a 2011, rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka sama da 800 a Arewa. Don haka da gwamnonin APC na Arewa suka ce a 2022 a ba Kudu takara, na ce sun yi hankali. Ƙasa mai ƙabilu da yawa irin tamu ba ta zama lafiya in ɓangare ɗaya ya ga an rufe masa ƙofa har abada. Wannan ban musa ba.

Inda na tsaya shi ne, rabon nan ba a fadar shugaban ƙasa ya tsaya ba. Ya gangaro har kan teburin akawun ƙaramar hukuma, kuma a can ne yake cizo. Ita karɓa-karɓar shugaban ƙasa ma ba ta cikin tsarin mulki, yarjejeniyar 'yan siyasa ce. Abin da ke cikin tsarin mulkin 1999 shi ne raba daidai: sashe na 14 ya ce gwamnatin tarayya ta nuna fuskar ƙasa baki ɗaya, kada 'yan wasu jihohi ko wata ƙabila su mamaye. Sashe na 147 ya ce a ɗauki minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalin jihar. Sashe na 318 kuwa ya fassara zama ɗan jiha da cewa uban mutum ko uwarsa ko kakansa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Ba a yi maganar inda aka haife ka ba, ba a yi maganar shekarun da ka yi a wuri ba. Daga nan takardar indijin, wato shaidar zama ɗan asalin jiha, ta samo ƙarfinta. Ba ka shiga soja ko ɗan sanda sai da ita, ba ka samun aikin tarayya sai da ita, tallafin karatu na jiha sai da ita, a jami'o'in jihohi da yawa kuɗin makarantar baƙo daban ne da na ɗan gida. Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne, wannan tsarin mulkin dai a sashe na 15 ya ce haƙƙin gwamnati ne ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a ko'ina cikin tarayya. Amma an ajiye wannan magana a babi na biyu, babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. An ba mu da hannun dama an karɓe da na hagu.

Bari in gaya maka yadda abin yake a aikace. 'Yata ta uku ta gama sakandare da sakamako mai kyau, tana son karatun jinya. Yarbanci a bakinta ya fi Hausa gudu. Ta je ofishin ƙaramar hukumar da aka haife ta, aka ce mata cikin ladabi, ba da faɗa ba, ta je garin ubanta. Na ɗauke ta muka yi Arewa, zuwa ƙauyen da ni kaina sai ta'aziyya ke kai ni. A can aka ce sai da takardar mai unguwa da ta dagaci kafin a je wurin hakimi, shi kuma mai unguwa yaro ne, bai san mahaifina ba. Wani dattijo a wurin ya dube ni ya ce, Alhaji, ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai da aka nemo wata tsohuwa da ta tuna kakan yarinyar na wajen uba, ta ba da shaida, sannan aka sa hannu. Allah ya saka mata. Amma Malam Edita ka dubi abin da ya faru a nan. Yarinyar da ta yi karatu a makarantar Kudu mai malamai da benci ta shiga kason wata ƙaramar hukuma da ba ta taɓa kwana uku a jere a cikinta ba, ta yi gogayya da 'yar ƙauyen da ajinsu ko rufi babu. In ta samu gurbi, gurbin waccan yarinya ta ɗauka. Tsarin da aka ce an yi shi don kare na baya, ga shi ya cuci 'yata a inda take zaune, ya kuma cuci 'yar ƙauyen a inda ita take zaune.

Kuma kada 'yan'uwana na Arewa su karanta wannan su ce ga halin mutanen Kudu. Abokin cinikina Ibo ne da aka haifa a Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi tawa daɗi, shi ma ƙauyen kakansa a gabas yake kai 'ya'yansa neman takarda. A 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adin 1 ga Oktoba su bar Arewa. Ranar da labarin ya fito babu wanda ya fi mu shiga tashin hankali, don mun san in an taɓa su can, a kanmu za a rama nan. Allah ya sa aka janye. A 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, akasarinsu ma Ibo 'yan'uwansu ne na jihohin maƙwabta. A 2012 aka jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a kotun ɗaukaka ƙara saboda an haife ta 'yar Anambra, ta auri ɗan Abiya, ta yi aiki a Abiya shekara da shekaru, aka ce a wane kaso za a sa ta. In alƙaliya ta sha wannan, ina ga 'yar mai goro?

Dalilin da ya sa wannan magana ba ta barina barci shi ne na taɓa ganin ƙarshenta da idona. A watan Nuwamban 1969, wata guda da 'yan kwanaki bayan Kofi Busia ya zama firaministan Gana, gwamnatinsa ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Aka ce baƙi sun cinye kasuwa, 'yan ƙasa ba su da aiki. Ina yaro ɗan firamare. Mahaifiyata a Kumasi aka haife ta, tana jin Tonanci, yaren Asante, kamar Batoniya, ba ta taɓa taka Najeriya ba. Babu wanda ya taɓa tambayarta takarda, don lokacin da kakanninta suka bi hanyar Gwanja da jakuna suna fataucin goro babu wata ƙasa mai suna Gana. Mahaifina ya sayar da gida da rumfa a kuɗin da bai kai na ƙofofin gidan ba. Abin da na fi tunawa shi ne cunkoson motoci a Aflawo, da ƙishirwa, da wata mata a motarmu da jaririnta ya rasu a hannunta kafin mu kai Kwatano. Yarbawa suka fi yawa a cikin waɗanda aka koro, kuma wani Bayarabe da muka yi wannan tafiya tare shi ya nuna wa mahaifina garin da muka sauka, ya tsaya masa har ya sami ɗaki.

Shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan haka, muka yi wa wasu abin da aka yi mana. A watan Janairun 1983, farashin mai ya faɗi, zaɓe na tafe a watan Agusta, ana ta ɗora rikicin Maitatsine a kan baƙi, sai gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu. Mutum kimanin miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar da Cadi da Togo da Benin da Kamaru. Malaman makaranta ne, da teloli, da magina, da masu gyaran takalmi. Jakar nan mai ratsi-ratsi da har yau ake kira Gana-mas-go, a lokacin ta samo suna. Wasu a Sabo sun ce ramuwa ce, an yi daidai. Mahaifina bai ce komai ba, ya tashi ya ba telan da ke haya a gidanmu kuɗin mota, ya raka shi tasha. Kuma wannan ya faru ne shekara huɗu kacal bayan ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a 1979 a kan cewa ɗan kowace ƙasa zai iya shiga ɗaya ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. A 1985 gwamnatin soja ta sake wata korar.

Wanda ya ɗauka wannan makami a kan baƙi na waje kaɗai yake tsayawa, ya tuna da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman. Shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP. A Janairun 1980 aka ɗauke shi aka tsallaka da shi iyaka aka ajiye a Cadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Mutumin da jama'a suka zaɓa! Sai da kotu ta tabbatar ɗan ƙasa ne sannan ya dawo. Haka abin yake a ko'ina cikin Afirka: tambayar waye ɗan gida waye baƙo ba ta tashi sai in akwai kujera ko fili a gaba. A Kwaddibuwa aka hana Alassane Ouattara takara a 2000 da sunan asalinsa Burkina Faso ne, mutumin da ya riƙe firaminista a ƙasar. 'Yan arewacin ƙasar suka ga in an yi masa haka to su ma an yi musu, a 2002 yaƙi ya raba ƙasar biyu. A Zambiya aka gyara tsarin mulki a 1996 don a hana Kenneth Kaunda takara, saboda iyayensa daga Malawi suka zo, alhali shi ya karɓo wa ƙasar 'yanci ya mulke ta shekara 27.

Na Sudan ya fi taɓa ni. Hausawan can jikokin mahajjata ne da suka bi ƙasa zuwa Makka suka yada zango, da jikokin waɗanda suka yi hijira bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, har ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Sun fi shekara ɗari a can, su suka riƙe noma a wurare da yawa. A watan Yulin 2022 suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu a yankin Damazin, aka ce musu sarauta ta mai ƙasa ce, su kuwa baƙi ne. Aka kashe sama da mutum ɗari, a watan Oktoba aka sake kashe wajen ɗari biyu a Wad al-Mahi. Da na ji labarin a rediyo sai na ji kamar Jos ake ba ni labari. Can ma haƙar kuza ta tara mutane tun farkon zuwan Turawa, kuma akasarin manyan rikice-rikicen garin a kan kujera suka tashi: naɗin shugaban riƙo na Jos ta Arewa a 1994, naɗin jami'in shirin rage talauci a 2001, zaɓen ƙaramar hukuma a 2008. Aka sa wa abin rigar addini, amma tushensa takardar nan ce da aka hana 'yata.

Sai kuma maganar da ake yawan gaya mana, wai in namu ne a sama za mu huta. Mutanen bakin iyaka su za su ba da amsa. A 1984 ɗan Daura ke mulki aka rufe iyakoki ana tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. A watan Agustan 2019, shi ne dai a kan mulki, aka sake rufewa har Disamban 2020, aka kuma hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba suka durƙushe. A 2023 ɗan Legas ne a sama, sojoji suka hamɓarar da Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ƙarƙashin Tinubu ta rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, har ana maganar yaƙi. Iyakar nan ta fi kilomita 1,500, ta shafi jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, kuma babu gidan da ba shi da dangi a ƙetare. Motocin albasa da na dabbobi suka yi layi a Ƙonni da Ɗan Isa, kaya suka ruɓe, mu ma goronmu da ke tafiya Maraɗi da Damagaram ya bushe a huhu. Sai da sanatocin Arewa da malamai da sarakuna suka tashi tsaye sannan aka sassauta, aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Yanzu Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS tun 29 ga Janairun 2025, shige da ficen da muke yi ya rataya ne a kan sanarwar da aka ce ta wucin gadi ce. Ɗan Arewa ya rufe, ɗan Kudu ya rufe. Wanda abincinsa ke kan hanya bai ga bambanci ba.

Kuma mutane ba za su daina tafiya ba, don ba marmari ke fitar da su ba. Ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022, ana shekara ta takwas ta mulkin ɗan Arewa, ta nuna mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da yawa, kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke, Sakkwato ce kan gaba. Ka ƙara da 'yan bindigar da suka hana noma a Zamfara da Katsina. Shi ya sa kullum asuba tirela ke sauke mana samari a bakin kara, sun kwana a kan shanu ko buhunan wake, ba su da kowa sai lambar wayar wani ɗan ƙauyensu. Mu ne ke karɓarsu, mu nema musu baro ko babur, in an kama su mu je beli, in sun mutu mu yi musu sutura. Babu gwamnan da ya sa su a kasafinsa: na can ya ce sun tafi, na nan ya ce ba nasa ba ne. Ana yawan nuna mana masu nutsewa a tekun Bahar Rum, kuma abin tausayi ne, amma akasarin ɗan Afirka da ya bar gida a cikin Afirka yake tsayawa, kuma a nan yake mutuwa ba a ji ba. A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusan dukkansu mata da yara, akasari daga Kance ta ƙasar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Kano a Uromi ta jihar Edo suna dawowa daga Fatakwal za su gida sallah, aka kashe goma sha shida. Waɗannan ko iyaka ba su tsallaka ba. A ƙasarsu suke, sashe na 41 na tsarin mulki ya ba su 'yancin bin wannan hanya. Abin da ya kashe su shi ne an daɗe ana koya wa mutane cewa wanda ba ɗan nan ba ne abin zargi ne. Haka aka yi a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, inda gardamar mutum biyu ta zama ƙona rumfuna da gidaje.

Na san tsoron da ke zuciyar 'yan asali, kuma ba na raina shi. Birom da Afizere da Anaguta na Jos suna ganin in an buɗe ƙofa za a rinjaye su a ƙasar kakanninsu. Mutanen Legas suna ganin garinsu na neman fin ƙarfinsu. Gbagyi sun ga yadda Abuja ta tashe su daga gonakinsu. Wanda ƙabilarsa ba ta da wani wuri a duniya sai tudu ɗaya, dole ya riƙe tudun da hannu biyu. Ina jin wannan tsoro ne ya kashe ƙudirin da mataimakin shugaban majalisar wakilai Benjamin Kalu ya kawo, na a ba wanda ya shekara goma a jiha matsayin ɗan asali, har ya janye shi a 2025. A ganina inda ƙudirin ya yi tuntuɓe shi ne ya ce a mai da baƙo ɗan asali. Ni ban nemi haka ba. Ba na neman sarautar garin da nake zaune, ba na neman gonar gadon kowa, ba na neman shiga al'adun da ba nawa ba. Waɗannan a bar wa masu su, a ma rubuta a doka cewa nasu ne, hankalinsu ya kwanta. Abin da nake nema shi ne a raba su da abin da kuɗin haraji ke yi. Makaranta, da kuɗin makaranta, da tallafin karatu, da asibiti, da aikin gwamnati, su bi inda mutum yake zaune yake biyan haraji. Yanzu da kowa ke da lambar shaidar ɗan ƙasa da katin zaɓe mai nuna mazaɓarsa, tabbatar da inda mutum ya daɗe ba abu ne mai wuya ba. A kuma ɗauko maganar 'yancin zama daga babi na biyu a kai ta inda mutum zai iya tsayawa gaban alƙali ya nemi haƙƙinsa. Kuma Arewa ta fara, tun da mu muka fi kowa 'ya'ya a kan hanya: jihar Kano ko Kaduna ta ce daga yau yaron da aka haifa a Sabon Gari kuɗin makarantarsa ɗaya da na ɗan cikin birni, sannan mu da ke Kudu mu sami bakin magana.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi mutanen Inugu suka zaɓa magajin garinsu. Azikiwe daga Legas ya ci kujerar majalisar Yamma a 1951. Iyayenmu sun yi, ba su da ilmin da muke taƙama da shi yau.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. In wakilanka sun zauna da masu neman shugaban ƙasa ko gwamna, bayan sun gama tambayarsu yankin da ya kamata ya karɓa, su tambaye su wannan: yaron da aka haifa a jiharka, ubansa ma a nan aka haife shi, amma kakansa daga wani wuri ya zo, me za ka ba shi, me za ka hana shi? Su kuma tambaye su abin da za su yi da iyakar Nijar, ko za a zauna a rubuta yarjejeniyar shige da fice da ba za ta rushe ba duk ranar da shugabanni suka ɓata. A buga amsar kowa da sunansa. Na biyu, ka turo wakili ya zaga Sabo da zangunan Kudu, ya kuma shiga Sabon Garin Kano, ya zauna da sarakunan Hausawa da shugabannin Ibo da na Yarbawa, ya tambayi yara nawa suka gama sakandare bana suka tsaya saboda takarda. In ya zo wajenmu masaukinsa da abincinsa suna wuyana.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani ɗan kasuwar goro daga Sabo, ƙasar Yarbawa.